Ruwan Nguru da Muka Gani Daga Sama

Mahaifina ya daɗe bai gane aikin da nake yi a Gashuwa ba. In abokansa na majalisa suka tambaye shi, cewa yake yi, "Data take koyarwa," su kuwa sai su ɗauka irin wadda ake sa wa waya ce. Har akwai tsohon da ya taɓa aiko mini da wayarsa daga Nguru, wai in duba masa abin da yake shanye masa ita. Na yi ta bayani cewa abin da nake koyarwa shi ne yadda ake tara bayanai masu yawa, alƙaluma da ma'aunai, a zuba su cikin kwamfuta, a gyara su, sannan a nemi amsar wata tambaya daga cikinsu. Baba yakan gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya yi albarka, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Zangon da na fara koyar da darasin, da misalan cikin littattafai na yi aiki. Farashin gidaje a wani birni da babu wanda ya taɓa zuwa a cikinmu, tsawon wasu furanni da ba sa fitowa a ƙasarmu, yawan masu hayar keke a ranar da ƙanƙara ta sauka. Ɗalibaina masu ƙoƙari ne. Su rubuta abin da na faɗa, su buga umarnin da na nuna, zane ya fito a fuskar kwamfuta, su kalle shi kamar kalandar bara. Babu mai musu, babu mai tambaya.

A layin gaba akwai wata ɗaliba, matar aure mai 'ya'ya biyu, ta girmi yawancin 'yan ajin. 'Yar ƙabilar Bade ce, iyayenta masunta ne a wani ƙauye da ke bakin kogi. Ba ta cika magana ba. Wata rana ina cikin bayanin gidajen nan na ƙasar waje, sai ta ɗaga hannu.

"Malama, mu ba a taɓa auna komai namu ba ne?"

Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ni ma ban yi ba. Na ce mata an auna mana, sai dai ban san inda aka ajiye ba, amma zan nema.

Sai da na shiga neman na gane cewa ganin abu a intanet daban, samun izinin aiki da shi daban. Kowane tarin bayanai yana da lasisi, wato ƙa'idar da mai shi ya gindaya. Wani ya ce ka kalla kawai. Wani ya ce ka ɗauka amma kada ka ba kowa. Wani kuma bai ce komai ba, shi ne ma mafi wahala, domin shirunsa ba izini ba ne. Na samu wani jadawalin farashin hatsi mai kyau, har na fara murna, na kai wa shugaban sashenmu, wani dattijo mai haƙuri da ya kusa ritaya. Ya sa tabarau ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ina suka ce an yarda a raba?"

Na ce ba su faɗa ba.

"To ki rubuta musu ki tambaya. Kafin su amsa kada ki ba yaran nan. In suka ga kin ɗauka ba izini, gobe su ma haka za su yi a wurin aiki."

Na rubuta, ban samu amsa ba. Na je wasu ofisoshi ma. An karɓe ni da mutunci, an ba ni kujera da ruwan sanyi, amma bayanan suna cikin takardu ɗaure da igiya, kuma duk wanda na samu sai ya ce ba shi da hurumin ba ni izinin kwafa in raba wa ɗalibai. Ban ga laifinsu ba. Haka makonni suka yi ta wucewa, ɗalibar nan kuwa ba ta sake tambayata ba, gaisuwa kawai take yi ta zauna, abin da ya fi damuna ke nan.

Wata Asabar da safe na tafi ofis, saboda a can ne akwai wutar sola, kuma sabis ya fi ƙarfi in makaranta ba kowa. Alƙaluman ruwan sama nake nema, sai wani shafi ya kai ni wani, har na faɗa kan wata ma'ajiya ta taswirori. Wasu masana ne suka tattara hotunan da tauraron ɗan'adam ya yi ta ɗauka na shekaru masu yawa, suka sa kwamfuta ta bi su gona-gona tana tantance inda ruwa yake kwance da inda yake busasshiyar ƙasa. Na duniya ne baki ɗaya. Na gangara ƙasan shafin ina neman lasisi, zuciyata ta riga ta saba da jin a'a. Sai na ga an ce kowa na iya ɗauka, ya yi aiki da shi, ya sauya, ya raba wa wanda ya ga dama, da sharaɗi guda: ya ambaci inda ya samo. Na karanta, na sake karantawa. Na tashi na sha ruwa na dawo, yana nan yadda yake.

Saukewar ta ba ni wahala. In ta yi nisa sai ta yanke, in sake farowa. Rana ta take sosai kafin yankinmu ya gama sauka. Da na buɗe, fari fat na fara gani, sannan shuɗi ya fara fitowa a hankali, siriri kamar zare, yana lanƙwasa. Ban gane komai ba da farko. Can sai idona ya kama wata lanƙwasa da na sani, wadda kogi yake yi kafin ya iso gadar Gashuwa, inda mata suke wanki. Na bi zaren da yatsa zuwa yamma, ya rabu, ya sake haɗuwa, ya bazu cikin fadamu, har na iso wani faffaɗan shuɗi. Tafkin Nguru ne. A bakinsa na koyi tafiya.

A ƙasan taswirar akwai wani ɗan maɓalli da ake ja daga shekara zuwa shekara. Na ja shi. Ruwan ya kumbura, ya janye, ya sake kumbura, kamar ƙirjin mai barci. Wata shekarar ya malale har ya haɗe fadamu wuri guda, wata shekarar ya tsuke ya zama 'yan ɗigo-ɗigo. Na mayar da maɓallin can baya, kusa da farko, na tsaya a shekarar da aka haife ni. Kusan babu shuɗi. Ɗan zare ne kawai, shi ma a yanke.

Na jingina da kujera ina kallon taswirar. Abin da nake tunani shi ne, lokacin da Inna take goye da ni, wani abu yana wucewa ta samanmu yana kallon wannan ƙasa. Lokacin da nake zuwa makarantar allo, yana wucewa. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, ranar da muka rasa yayana, duk yana wucewa, ba ƙara, ba wanda ya ɗaga kai. Ba don mu aka harba shi ba, duniya duka yake ɗauka, amma mu ma muna cikin duniyar, bai tsallake mu ba. Kuma wasu mutane da ba su san akwai ni ba sun adana hotunan nan shekara da shekaru, sun gyara su, sun ajiye a inda hannuna zai kai. Na ce subhanallah a fili, ni kaɗai a ofis.

Ranar Litinin na ari majigi na haska taswirar a bango, ban gaya musu ko ina ne ba. Na ce su faɗa mini abin da suka gani. Wani ya ce jijiyoyin ganye ne. Wata ta ce kamar hoton asibiti. Ɗalibar nan ta layin gaba ta miƙe ba tare da neman izini ba, ta matso har inuwarta ta rufe rabin bangon, ta sa hannu a kan wata mahaɗar ruwa.

"Malama, nan garinmu ne."

Ajin ya kaure. Kowa ya taso, kowa yana neman nasa. Wani ɗan Machina ya ce a matsa arewa. Wani ɗan Yusufari, mai barkwanci, ya ce kada a wahalar da kai, su nasu fari ne tas, yashi ne kawai. Na matsa can ɗin don a yi dariya, sai ga 'yan ɗigon shuɗi a tsakanin tuddan yashi, suna fitowa a shekarun da damina ta yi kyau, suna ɓacewa a sauran. Ɗan Yusufarin ya matso kusa da bangon. Can ya ce, a hankali, a ɗaya daga cikinsu suke shayar da raƙuma. Ranar lokacin darasi ya ƙare ba wanda ya lura, sai da malamin da zai shiga bayana ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Daga nan aikin ya zama nasu. Suka koyi ƙidaya faɗin ruwa a kowace shekara, suka koyi zana shi a jadawali, suka koyi abin da ake yi da watannin da gajimare ya rufe ƙasa tauraron bai ga komai ba. Abin da na yi ta fama su fahimta da misalin gidajen ƙasar waje, yanzu su suke tambayata tun kafin in iso wurin.

Wata rana ɗalibar ta same ni a ofis da kwamfutarta, fuskarta ba walwala. Ta nuna mini wani tafki a bayan ƙauyensu. A taswira, yana ta raguwa shekara bayan shekara har ya ɓace.

"Malama, ko dai na yi kuskure a lissafin, ko kuma abin nan ba daidai yake ba. Da sallar da ta wuce na je gida. Ruwa yana nan, har ƙugu. Sai dai kacalla ta rufe shi."

Kacalla ita ce doguwar ciyawar nan da ta mamaye fadamunmu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa. Ni ma ban san amsar ba. Muka duba lissafinta, daidai yake. Sai muka buɗe takardar bayanin da masu taswirar suka haɗa da ita, muka bi ta layi-layi. A ciki suka rubuta da kansu cewa taswirarsu buɗaɗɗen ruwa take gani, in ciyayi suka lulluɓe shi tana iya ɗaukarsa a matsayin tudu, don haka mai amfani da ita ya kula. Muka kalli juna. Sun ba da abu kyauta, kuma sun tsaya sun nuna inda yake da rauni. Ta ce, "Ashe ba tafkin ne ya ɓace ba, ranar da kacalla ta ci shi muke gani." Wannan ya zama aikinta na ƙarshen zango, ya kuma fi na kowa kyau.

A hutun tsakiyar zango na hau mota zuwa Nguru. Ranar kasuwar Jajimaji ce, muka daɗe a tsaye ana sauke buhunan gero da awaki. Na isa bayan la'asar, na tarar da Baba a zaure a kan tabarmarsa. A tashar jirgin ƙasa ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, yanzu idonsa ya yi rauni, sai da tabarau mai kauri. Bayan gaisuwa na buɗe kwamfuta na ɗora a kan matashi a gabansa.

"Baba, ga tafki."

"Wane tafki?"

"Namu. Daga sama aka ɗauka."

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Na nuna masa inda gari yake, inda layin dogo ya ƙare, inda ake sauke kifi. Na fara jan shekaru. Sai da ruwan ya kumbura ya janye sau da yawa, sannan ya ce in nuna masa shekarar da ruwa ya shigo unguwarmu har ya rushe katangar baya. Ya ce shekarar da aka yaye ƙanena ce. Na lissafa na kai maɓallin can, ruwan bai kai ko'ina ba. Na matsa gaba kaɗan, sai ga shi ya malale.

"Na'urarki ta ruɗe," in ji shi.

Ya ɗaga murya ya kira Inna daga cikin gida. Ta fito tana goge hannu da gefen zaninta, ya mayar mata da zancen yana jiran ta goyi bayansa.

"Malam, ai lokacin yaron nan har ya fara zuwa makarantar allo. Ba kai ka ɗauko shi a kafaɗa ba, allon yana hannunka?"

Baba ya fashe da dariya har da tari. Ya ce to, an taru a kansa, mace biyu da na'ura.

Da dariyar ta lafa, na mayar da maɓallin shekarar haihuwata. Inna ta zauna a bakin tabarma. Fari ne kusan ko'ina. Baba ya kai yatsa ya taɓa wurin da tafkin ya kamata ya kasance, ya bar shi a nan.

"A ƙafa na ratsa nan," ya ce. "Ƙasa duk ta tsattsage. Na je ƙauye duba ƙanena, na tarar sun tashi, shanunsu sun ƙare. Na dawo na samu an haife ki." Ya juya wajen Inna. "Kin tuna ragon sunan?"

"Ƙashi da fata," ta ce.

Ba su taɓa ba ni wannan labarin haka ba. Abin da na sani kawai shi ne an haife ni a shekarar fari. Baba ya ce in matsa gaba a hankali. Muka zauna mu uku muna kallon shuɗin yana dawowa, kaɗan-kaɗan, shekara tana bin shekara, har ya cika wurin da yatsansa yake. Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"Su wane ne suka ɗauki wannan?"

Na ce wasu masana ne a ƙasashe masu nisa, ban san fuskar ko ɗaya ba.

"Me suka nema a wurinki?"

"Cewa suka yi in na yi amfani da shi in faɗi daga wurinsu na samo. Shi ke nan."

Ya jinjina kai. Ya ce lokacin yana yaro akwai rijiya a hanyar ƙauyensu, ba wanda ya san wanda ya haƙa ta, kowa ya zo ya sha ya shayar da dabbarsa ya wuce. Ya ɗaga hannu ya yi wa mutanen nan addu'a, Allah ya saka musu, ya shirye su, ya ba zuri'arsu ruwan sha. Ni da Inna muka ce amin.

Da muka koma makaranta, ɗaliban ne suka lura da abin da taswirar ta rasa. Ruwa ne birjik amma babu suna. Kowane tafki da kowace 'yar hanyar ruwa suna da sunan da mutanen wurin suke kiransu, wani da Bade, wani da Kanuri, wani da Fulatanci, wani ma suna biyu ko uku gare shi. Suka ce za su tattara sunayen, kowa daga yankinsu, su haɗa da wurin da waya ta nuna, mu ma mu ɗora a intanet kowa ya ɗauka. Na ce sai mun nemi izinin masu sunayen tukuna.

Na raka ɗalibar nan ƙauyensu. Bulaman garin, wato mai garin, kawunta ne. Ya tara dattawa a ƙarƙashin tsamiya, ta durƙusa ta yi musu bayani da Bade, ni ina gefe ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Suka daɗe suna shawara. Daga baya bulama ya juyo gare ni da Hausa.

"Malama, sunaye mun ba ku, a rubuta, don jikokinmu ma sun fara mantawa. Amma inda kifi yake kwanciya ba za a sa ba. Akwai kuma wurare biyu da ba a ambatar su ga baƙo. Su ma a bar su."

Na ce an bar su. Ya tambaya sunan wa za a ce in wani ya ɗauka. Na ce yadda suka ga dama. Suka ce a sa sunan garin.

Haka muka yi a duk inda aka yarda, inda ba a yarda ba muka haƙura. Abin da muka tara ba shi da yawa, ɗan ƙaramin jadawali ne in aka gwada da taswirar da muka samu. A ƙasansa muka rubuta wuraren da ba mu kai ba, da sunayen da aka yi saɓani a kansu. Ɗalibar ce ta rubuta sharaɗin lasisin da Hausa da Turanci, ita ce kuma ta danna maɓallin ɗorawa, wata safiya, 'yan ajin duk sun kewaye ta. Sabis ya yanke, aka yi salati, ya dawo, jadawalin ya shiga. Sai ta fara karanto sunayen da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, duk wanda aka zo kan na garinsu ya amsa, wani ya gyara mata lafazi.

Ta gama karatu tuni. Yanzu tana koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata. Kwanakin baya ta kira ni, muka gaisa, na tambayi yara da maigida. Sai ta ce tana so ta nuna wa ɗalibanta taswirar da jadawalin sunayen, shi ne ta ce bari ta nemi izinina.

Na ce, "Ke da kika rubuta sharaɗin da hannunki?"

Ta yi dariya ta ce ta sani, amma dai. Ta ce makarantar ba su da majigi, kwamfutarta za ta ɗora a kan tebur su zo layi-layi su gani. Na tambaye ta ko akwai 'yan bakin kogi a ajin. Ta ce sun fi rabi.